Akwatin Pakde a Holan

Klaten, tsibirin Jawa, Afrilu 2020

Assalamu alaikum, Nduk Winarsih, 'yata.

Gaisuwa mai yawa daga ni baffanki, Pakdenki Sarmidi, da matata, Budenki Tukinem. Muna nan lafiya, in ban da gwiwar Bude da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ina fata ke ma lafiya, da aikin jinyar tsofaffin da aka ce kina yi a can. Kada ki tsaya kina tunanin wane Sarmidi. Ni da marigayi babanki 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma shi ya riƙa buga mini babban gong, farantin ƙarfen kiɗa, a bayana duk lokacin da na zauna wasan wayang, wasanmu na inuwar mutanen fata a jikin farin ƙyalle. Ke ce yarinyar nan da ke barci a gindin akwatin wayang, baki buɗe.

To ga abin da ya sa na neme ki. Masu wani bikin wasanni a Rotterdam sun gayyace ni da makaɗana a watan gobe. Akwatin wayang ya fi ƙarfin jirgin sama, sai muka tura shi ta ruwa tun farkon shekara. Yanzu ga wannan annoba, an rufe sama an rufe ƙasa. Akwati ya isa Holan, mai shi yana nan yana korar kaji daga baranda. Masu bikin sun ce za su rufe ma'ajiyarsu, in nemi inda za a kai shi. A duk ƙasar ba ni da jini sai ke.

Kin san abin da ke ciki. Mutanen fata ne na Mbah Kromo, kakana kuma kakan babanki, fatar ɓauna da ruwan zinariya da sandunan ƙaho. Ba ni da gona, ba ni da ɗa namiji, su nake da su. Ina so su dawo mini yadda suka tafi.

Abu ɗaya za ki yi. Duk Juma'ar da ta faɗo kan ranar kasuwar Kliwon, ki buɗe akwatin, ki ɗaura igiya a inuwa, ki rataye su su sha iska. Ban da rana. Danshi ne abokin gabarsu, in aka bar su a rufe funfuna ce za ta cinye su. Wajen mayarwa, ƙattai a ƙasa, sarakuna a sama, kada ki haɗa mini su su kwana suna faɗa.

Ba za a wuce wata biyu ba. Na ga aman dutse, na ga girgizar ƙasa, mura ba za ta zaunar da ni ba.

Da hannu nake rubutu, Bude ta ɗauki hoto da wayarta ta tura. Yatsun da suka saba da ƙaho ba sa tsokanar gilashin waya.

Pakdenki,
Sarmidi

Dordrecht, Mayu 2020

Wa'alaikumus salam, Pakde.

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Bude, a ce mata ta riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Ni lafiya lau, sai gajiya. A gidan tsofaffin da nake aiki mun zama kamar masu shiga rijiya, takunkumi da safar hannu da riga kan riga, kuma an hana 'ya'yansu shigowa, sai dai su tsaya a taga suna ɗaga hannu.

Wai wane Sarmidi! Pakde, wa zai manta mutumin da ya taɓa tsayar da yaƙi a tsakiyar wasa don ya ce wa Babana ya farka?

Akwati ya iso. Maza huɗu suka hau da shi, kuma matakalar gidajen nan ƙunci gare ta kamar maƙogwaron kwalba. Ɗayansu ya tambaye ni ko gawar mijina ce a ciki. Na ce a'a, dangina ne, su wajen ɗari biyu. Bai yi dariya ba. Yanzu akwatin ya cinye rabin falona, a kansa nake cin abinci, ka yafe mini.

Ranar Kliwon na buɗe. Wallahi Pakde, ƙamshin da ya fito, na fata da turare da hayaƙin taba mai kanumfari, sai da na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Shekaruna goma sha ɗaya a ƙasar nan ban ji ƙamshin Babana ba sai ranar. Na rataye su daga taga zuwa ƙofar kicin, duk lafiyarsu ƙalau, ko ƙwarzane babu. Akwai wani ƙato mai jar fuska da haƙora waje da ya tsare ni da ido har na gama girki.

Ka kwantar da hankalinka. Na iya kula da tsofaffi masu rigima, waɗannan kuwa ko magani ba sa tofarwa.

'Yarka,
Winarsih

Klaten, Oktoba 2020

Nduk,

Muna lafiya, alhamdu lillahi. Bude ta gode da maganar ruwan ɗumi, ta ce wanda ya yi karatu daban yake, wai tana nufin ban da ni.

Wata biyun da na ce ya zama shida, kada ki tuna mini, Bude na yi kullum. An hana taro. Ba biki, ba kaciya, ba wasan bayan girbi. Kang Mulud mai buga mini ganga, mutumin da in ya taɓa fata sai gashin jikinki ya tashi, yanzu tempe, wainar waken soya, yake soyawa a bakin titi. Mawaƙiyata tana ɗinkin takunkumi. Da yamma nakan zauna in ga hannuna na dama yana motsi shi kaɗai a kan cinyata.

Masu bikin sun aiko da wata magana. Wai tun da ba tafiya, a yi wasan ta waya: ni in zauna a nan in yi muryoyi, wani ya riƙe mutanen a can. Kin ji fa! Dalang, mai wasan wayang, guda ne, bakinsa da hannunsa jiki ɗaya. Na ce musu in sun ga an yanka kaza a Jawa ta yi tsalle a Holan, su kira ni. Za a buɗe hanya, zan zo da ƙafata.

An ce sanyinku ya kusa, wai ruwa ba ya ɗaukewa, rana ba ta fitowa. To wannan shi ne lokacin haɗari. Kada ki jira Kliwon, ki riƙa fitar da su duk mako, a wurin da ya fi ko'ina bushewa a gidan. Ki bar su su daɗe. Ni na san fata, a cikinta aka haife ni.

Ƙaton nan mai jar fuska, Mbah Kromo da kansa ya sassaƙa shi, kuma an ce fuskar surukinsa ya kwaikwaya. Ki gaishe shi.

Pakdenki

Dordrecht, Janairu 2021

Pakde,

Ina gaisuwa, ina fata kai da Bude kuna lafiya. Ni na yi zazzaɓi na kwana biyu, an gwada, ba annobar ba ce.

Ba zan yi kwana-kwana ba. Mutanenka ba su da lafiya. Na yi yadda ka ce, duk mako, a wuri mafi bushewa, wato kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashin taga. Da farko na ga kamar idona ne. Yanzu ba shakka: fatar tana lanƙwashewa kamar busasshen ganye, ruwan zinariyar yana ɓarewa yana zuba a ƙasa. Jar fuskar surukin Mbah ta tsage daga kunne zuwa haɓa. Wata gimbiya kuma hannunta ya ƙi miƙewa. Har da tsintsiya na share ƙurar zinariya.

Na tsorata, sai na nemi wata baturiya, Annelies, 'yar ɗaya daga cikin tsofaffina. Aikinta kula da tsofaffin fatu da littattafai a wani gidan tarihi. Ta zo da takunkuminta, ta duba, ta ɗora wani ɗan abin awo a kan akwatin. Ta ce ruwan da ake yi a waje yake, cikin ɗaki kuwa in an kunna ɗumi iskar ta fi ta cikin tanda bushewa. Ta ce abin da ke ceton su a Jawa shi ke kashe su a nan. Ta ce in rufe akwatin, in ajiye kwanon ruwa a gefe, in daina fitar da su. Sannan ta ce in ina so, in ba ta su ta kai ɗakin ajiyarsu, inda iska ba ta canzawa, har a buɗe hanya. Na ba ta

amsa cewa ba nawa ba ne, sai abin da Pakde ya ce. (Ka yi haƙuri, takardar ta ƙare, na juya baya.) Ni dai a ganina su zauna a wurina, amma a rufe. Ka ba ni izini in daina shanyar.

Winarsih

Klaten, Janairu 2021

Winarsih,

Ba gaisuwa yau. Na karanta har inda kika ce kin ba ta, na ajiye wayar don kada in jefa ta rijiya.

Kin ba ta! Kin san mutanen fata nawa ne ke kwance a gidajen gilashin Holan? Na gan su da idona da na je shekarun baya, an manna su a bango kamar ƙadangarun da aka shanya, da 'yar takarda a ƙasan kowanne. Ba wanda ya sake jin muryarsu. Waɗanda suka shiga ba sa fitowa. Mbah Kromo ya ɓoye akwatin nan a ramin shinkafa lokacin yaƙi, ya ci rogo bai sayar da ko sanda ɗaya ba, ke kuma kin miƙa shi saboda wata ta zo da abin awo.

Kuma wai iska ce ke kashe su. Iska! Tun kafin a haifi uwar baturiyar nan muke shanya wayang. In sun lalace, ke ce ba ki iya ba.

Ki je ki karɓo su gobe. In ba haka ba, ki cire ni daga cikin danginki.

Sarmidi

Dordrecht, Fabrairu 2021

Pakde,

Ina gaisuwa, ko ba a amsa ba. Ina gaida Bude.

Wasiƙata hoto biyu ce. Ka ce wa Bude ta ja yatsa gefe, ka sa tabaranka, ka karanta na biyun. Abin da na ba matar nan amsa ce, sai kuma shayi. Akwatinka yana nan, gwiwata na jingine da shi yanzu haka da nake rubutu.

Na ji zafin maganarka, ba zan ɓoye ba. Ina dawowa daga wanke gawar tsohuwar da na yi shekara uku ina ba ta abinci a baki, na tarar an cire ni daga dangi a kan rabin jimla.

Yanzu ga abin da zai ƙara ɓata maka rai. Na daina shanya su, ba tare da izininka ba. Na rufe akwatin, na kashe ɗumin falon, ina zaune da riguna uku kamar mahaukaciya, na ajiye kwanukan ruwa. Ka san fata, ban musa ba. Amma ba ka san Janairun Holan ba, ni kuwa leɓena ya sani, duk shekara sai ya tsage. Ka ce su dawo maka yadda suka tafi. In na bi umarninka, garin fenti zan dawo maka da shi a leda.

Na naɗe surukin Mbah na aiko maka da shi ta gidan waya, shi kaɗai. Ka duba shi da idonka, ka taɓa da hannunka, sannan ka yanke mini hukunci. An ce saƙo yana daɗewa yanzu don jirage sun yi ƙaranci.

'Yarka, ko ka so ko ka ƙi,
Winarsih

Dordrecht, Yuli 2021

Pakde,

Assalamu alaikum. Wannan ita ce ta uku da na rubuta ba amsa. Wayar Bude ma a kashe.

In fushi ne, ka yi ta yi, na iya ɗauka, amma ka zage ni a rubuce in san kana numfashi. Muna ganin labarin gida a nan. Ƙawata ta garin Solo ta ce lasifikar masallaci ba ta hutawa da sanarwar rasuwa, ta ce mutane na bin layi da tukwanen iskar numfashi. Ni da nake wannan aikin na san abin da hakan ke nufi, shi ya sa ba na iya cin abinci.

Mutanenka suna samun sauƙi. Na leƙa sau ɗaya da zafi ya shigo, hannun gimbiya ya miƙe, fentin ya daina zuba. Abin da ya ɓare ya ɓare, amma ba ƙari.

Don Allah, ko layi ɗaya.

Winarsih

Klaten, Satumba 2021

Wa'alaikumus salam, Nduk.

Ina numfashi. Ga layinki ɗaya, sauran kyauta ne.

Annobar ta kama mu mu biyu. Bude ta tashi da wuri, kin san ta, ko ciwo ba ya jure mitarta. Ni na kwanta asibiti, wayar kuma aka sayar aka sayi iska. Yanzu Bude ta sami wata. Na warke sarai, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kang Mulud bai tashi ba. Ban je jana'izarsa ba, ba wanda ya je, masu fararen riguna ne suka kai shi. Shekara talatin yana gefen haguna. Allah ya jiƙansa.

Surukin Mbah ya iso ina kwance. Da na dawo Bude ta miƙo mini shi, a lanƙwashe kamar ɓawon rogo. Na ajiye shi a kan tabarma a baranda, ban yi masa komai ba. Kafin mako ya zagayo ya miƙe da kansa, ya sha iskar gida ya ƙoshi. Na zauna ina kallonsa. Ashe ƙishirwa ce ta kama su, ni kuma ina nan ina ba da umarnin a ƙara shanya su. Hoto na biyu ma na karanta. Bude ta ce in rubuta kalmar nan ta ban haƙuri, na ce yarinyar tana da hankali, za ta gane. Ki gaida baturiyar.

Yanzu magana. Masu bikin sun sake aikowa. Sun ce ko an buɗe hanya, ba su da ƙarfin ɗaukar mutum goma sha bakwai kamar da, zamanin nan ya wuce. Ko ta waya, ko babu. Na kwanta a gadon asibiti na ga yadda babu take. Na ce musu to, amma da sharaɗi: ba baƙon da zai taɓa mutanen Mbah. Ke za ki riƙe su.

Kada ki ce ba ki iya ba. Wasan sa'a ɗaya ne, mutanen fata shida, yaƙi ɗaya. Ki riƙe sandar jiki a ƙasa, ba a wuya ba, ba kaza ba ce. Mai mutunci yana shigowa a hankali, fuskarsa ƙasa. Ƙato yana shigowa kamar mai bin bashi. Ƙafarsu kada ta bar ƙasan farin ƙyallen, in ba aljani ba ne. Sauran yana cikin jininki, kin sha shi da kunne kina barci.

Za mu ba su mamaki.

Pakdenki

Dordrecht, Disamba 2021

Pakde,

Ina gaisuwa, ina gaida Bude. Kafaɗuna har yau ba su dawo nawa ba. Ashe haka kuke shan wahala kuna murmushi!

Kai ta ɗan gilashin waya ka gani, bari in ba ka labarin ɗakin. A zauren gidan tsofaffinmu aka yi, masu bikin suka kafa na'urorinsu. Ba kututturen ayaba a ƙasar nan da za a soke sanduna, sai muka yanka katifar soso, kada ka gaya wa kowa a Klaten. Makaɗan Turawa biyar ne masu koyon gamelan, kiɗanmu na Jawa, an zaunar da su nesa da juna kamar masu gaba. An jero tsofaffi a kekunansu. Da yawansu a Jawa aka haife su, ko iyayensu, wasu ta ƙasar Suriname suka biyo. An ce mutane daga ƙasashe da dama sun kalla, har da waɗanda ko a mafarki ba za su sayi tikitin Rotterdam ba.

Muryarka tana isowa a makare, kamar da numfashi ɗaya. Da farko sai sarki ya gama magana sannan hannunsa ya ɗaga. Sai na daina jiranka, na riƙa yin gaba ina cankar abin da za ka ce, kuma wallahi ina dacewa. Da ka yi dariyar ƙaton nan, wani tsoho da ya yi shekara bai ce uffan ba ya buɗe baki ya ce da Jawanci, “Kashe shegen!” Nas ɗin da ke kusa da shi ta saki kofi.

Yanzu maganar tsakiyar wasa. Bayan yaƙi, da bawan sarki ya shigo zai yi wa ubangidansa ba'a, sai ka yi shiru. Na tsaya da mutum biyu a hannu, makaɗa suna kallona. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na yi muryar bawan ta hanci, na ce, “Ranka ya daɗe, ka ci yaƙi, amma an ce sai ka killace kanka mako biyu kafin ka shiga wurin gimbiya.” Na amsa da muryar sarkin. Na haɗa da ɗan Holanci don nas-nas. Aka yi ta dariya har ka dawo ka karɓa. Ka yafe mini shiga gonarka.

Bayan an tashi ka ce wa masu bikin sabis ne ya yanke. Sun yarda. Ni ban yarda ba. Pakde, abin sauraro yana kunnena, layin bai yanke ba ko kaɗan. Ina jin ka. Na ji yadda kake jan iska tana ƙin shiga, na ji Bude tana cewa a hankali a hankali, na ji ƙarar kofi a haƙoranka. Waya ba ta tari. Wannan sautin shi nake ji a wurin aiki kullum, ba wanda zai ɓoye mini shi. “Ɗan abin da ba a rasa ba” da ka rubuta, yanzu na san girmansa, kuma raina ya ɓaci da ka ɓoye mini.

Na sami jirgin ruwa mai tashi bayan sabuwar shekara. Annelies ta taya ni shirya su, kowanne da takarda mai laushi a tsakani. In ya iso, kada ka buɗe sai ya yi mako a rufe a ɗaki, su saba da iskar a hankali. Wannan umarni ne, ba shawara ba.

Za su dawo maka kamar yadda na yi alkawari. Amma ka gaya mini gaskiya: wasan dare guda, daga isha'i zuwa asuba, za ka iya?

'Yarka,
Winarsih

Klaten, Mayu 2022

Assalamu alaikum, Nduk.

Barka da Sallah, a yafe wa juna na fili da na ɓoye. Muna lafiya. Gwiwar Bude ta sami abokiyar hira, ɗayar ma ta fara.

Akwati ya iso. Na bi umarni, mako guda ina zagaya shi kamar kyanwa da tukunyar kifi, Bude na zaune a kai da muciya. Da na buɗe, ga su nan, kowa a wurinsa, ƙattai a ƙasa, sarakuna a sama. Akwai tabo a fuskoki, ba zan shafe shi ba. Wanda ya je Holan ya dawo ai sai a gani a jikinsa. Na mayar musu da surukin Mbah, ba su yi murna ba. Na gode, Nduk. Wannan kalmar na rubuta ta da kaina, ba wanda ya sa ni.

Na daɗe ban amsa tambayarki ba don ina neman ƙaryar da za ta wuce kunnen nas, ban samu ba. Ba zan iya ba. Na gwada a ɗaki, ni kaɗai. Hannuna yana nan yadda kika san shi, har ya fi da, don ya huta. Ƙafata tana buga ƙarfen kiɗa na jikin akwati daidai. Amma in na yi magana mai tsawo sai ƙirjin ya rufe, likita kuma ya ce ba lallai ya buɗe ba. Shekara arba'in da wani abu ina cika fili ba lasifika, yau kiran Bude daga baranda sai na huta a tsakiya. Ranar da na tabbatar, na rufe ƙofa na yi abin da kika yi da kika fara buɗe akwatin.

To amma an ɗage dokar taro. Dagaci ya zo da kansa, ya ce wasan bayan girbi na bana nawa ne, shekara biyu ƙauye bai ga inuwa a ƙyalle ba. Na karɓa. Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah.

Ga yadda za a yi. Ni zan zauna a gaban fitila da mutanena. Ɗan Kang Mulud zai riƙe gangar ubansa. Waƙoƙin, mawaƙiyata za ta ɗauke mini. Tsofaffin sarakuna masu magana ƙasa-ƙasa, kalma biyu su yi shiru, waɗannan nawa ne. Sauran kuwa, bayi da gimbiyoyi da ƙattai da duk mai dogon baki, naki ne. Za a ɗaura lasifika a jikin akwatin, daidai gwiwata, a sa miki waya a inda za ki ga ƙyallen. In muryarki ta makara, kada ki damu, hannuna zai jira ta, ni ba sabon shiga ba ne. Na ji bawan nan naki. Hancin ya yi yawa, kuma sarkinki kamar mai ciwon ciki, amma an yi dariya a inda ya kamata, wannan kuwa ba a koyar da shi.

A da, mu ke ɗaukar kaya mu kai musu can. Bana daga Holan za a aiko wa Klaten da wasa, masu gulma su yi ta yi. Na gaya wa dagaci, ya ce mace, kuma ta waya? Na ce tattaɓa-kunnen Mbah Kromo ce, in yana da wata muryar ya kawo.

Nduk, ban taɓa roƙon kowa komai a kan wasa ba, ko babanki bai taɓa jin na ce don Allah ba. Don Allah ki ara mini muryarki.

Lokacin da za mu fara, ku rana ba ta faɗi ba, don haka ki nemi hutun ranar da ta washegari tun yanzu. Labarin zan aiko miki a hoto huɗu, ki karanta duka, kada ki yi irin ta wasu. Ki daina shan ruwan sanyi, ki riƙa shan citta da zuma. Dare ne mai tsawo, kuma duk ƙauye zai fito.

Pakdenki,
Sarmidi